Dutsen Malam Isa

Duk Bahaushen da ya zauna a Makka shekarun da aka gama yaƙin Turawa na biyu, in dai ya taɓa riƙe azurfa, to ya san teburin Malam Isa ɗan canji a kasuwar Suƙ Sagir, ɗan taku kaɗan daga ƙofar Harami. Kada ma ka ɗauka wani shago ne. Tebur ne mai akwatin gilashi, da benci, da rumfar buhu, sai wani farin dutsen marmara wanda bai fi faɗin tafi biyu ba, tsakiyarsa har ta lotsa don shan bugu. A kan dutsen nan ake jefa kuɗi a ji kukansu, kuma wanda ke zaune a gabansa shi ne mai tebur, maganarsa ce yankan hukunci.

Hukuma ta daɗe da fito da nata riyal, amma je ka gaya wa Balaraben ƙauye mai raƙuma, ko mutumin Yaman, ko alhazanmu masu zuwa ta ƙasa. Su dai a ba su riyal faransa, ƙatuwar dalar azurfar nan mai kan wata gwaggo mai kumatu a fuska ɗaya, da mikiya mai kai biyu a ɗaya fuskar. Abin haushin kuɗin nan shi ne shekara ɗaya aka rubuta musu duka, da wanda aka buga zamanin kakan kakanka da wanda aka buga bara. Ga kuma jabu ya cika gari. Saboda haka ba kowa ke iya cin abinci da su ba, sai mai ido ko mai kunne.

Ido kam Mukhtaru, ɗan Malam Isa na fari, yana da shi, wannan ko maƙiyinsa ya sani. A Makka aka haife shi, a gindin teburin nan ya yi rarrafe. Ka miƙa masa dala ya ɗaga ta a rana, kafin ka haɗiye yawu ya gaya maka inda aka buga ta. Zai duba maɓallin da ke kafaɗar gwaggon nan da ɗige-ɗigen da suka kewaye shi, ya duba ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin wuyanta, ya juya ya ƙirga gashin tsakiyar jelar mikiya, sannan ya bi rubutun gefe da farce. Ya ce maka wannan tsohon bugun ƙasar Nimsa ne can Turai, wannan na Ruma, wannan kuwa sabo ne na Bambai da Ingilishi suka buga lokacin yaƙi. Har tsagar da ƙarfen bugu ke bari in ya tsufa, siririya kamar gashi, ya santa, ya san 'yan'uwanta.

To sai Allah ya kawo Lurwanu.

Lurwanu ta Sudan ya shigo, ƙafa duk faso, Larabcinsa ma na mutanen garin Madani na can Sudan ɗin ne, in ya yi magana 'yan kasuwa sai sun yi dariya. Ya fara da sayar da shayi a kusa da teburin. Wata rana dala ta suɓuce wa wani ta faɗi ƙasa, Lurwanu yana can yana wanke kofuna, bai ko waiwayo ba ya ce, “Wannan akwai dalma a cikinta.” Aka duba, haka ne. Malam Isa, wanda a lokacin idanunsa sun fara hazo, ya ce a kira masa mai shayin nan. Daga nan fa Lurwanu ya hau benci, kafin a ce me ya auri Ruƙayyatu ƙanwar Mukhtaru, ya zama ɗan gida. Da idon tsoho ya ƙara raguwa, sai ya koma baya da carbinsa, ya bar Lurwanu yana jefa kuɗi a dutse shi yana saurare, Mukhtaru kuma yana gefe yana kwance jakunkuna, yana zubewa, yana warewa.

Ba wai Lurwanu mugu ba ne, kuma wannan shi ya fi ci wa Mukhtaru rai. Da mai girman kai ne da an san yadda za a yi da shi. Amma mutum kullum “Yaya Mukhtaru, ina kwana,” “Yaya Mukhtaru, ga shayi,” ya durƙusa maka har ƙasa, ta ina za ka kama shi?

Akwai kuma wani abu. Malam Isa Bakatsine ne na asali, ya zo da kunyar ɗan fari a cikin jininsa, shekarun Makka ba su wanke masa ita ba. Bai taɓa kiran sunan Mukhtaru ba. “Kai,” ko “wannan,” ko “yaron nan,” alhali yaron nan har ya fara furfura a gemu. Bai taɓa yabonsa a gaban mutane ba, don a wurinsa rashin ta ido ne. Mukhtaru kuwa ya tashi cikin Larabawa, inda uba ke ɗaukar sunan ɗansa na fari ya yi ado da shi. In maƙwabtansu na kasuwa suka kira tsoho “Abu Mukhtar,” sai ya sunkuyar da kai ya shiga gyaran carbi kamar an ambaci abin kunya. Amma sunan Lurwanu, wayyo, tun safe har la'asar yana bakinsa. Lurwanu zo ka ji, Lurwanu me ka ce, Lurwanu ka ci abinci kuwa? Mukhtaru ya san al'ada ce, an sha gaya masa, amma sanin bai taɓa sanyaya masa zuciya ba.

Ran nan wani mai raƙuma daga Zahir ya kawo jaka. Mukhtaru yana warewa ya ci karo da wata tsohuwar dala, irin wadda sai a yi shekaru ba a ga kamarta ba. Ya matsa kusa da uban ya yi masa bayanin maɓallin da haruffan dalla-dalla. Tsoho ya ce, “To.” Shi ke nan fa, to. Ba a jima ba Lurwanu ya jefa wata a dutse ta yi ƙif kamar an yar da ɓawon kankana, jabun da ko jaki ya ji zai gane. Sai ga tsoho ya washe baki yana cewa, “Madalla da Lurwanu! Allah ya yi maka albarka, ya bar mana kunnen nan.” A zaman nan ne kuma ya gaya wa maƙwabcinsa mai sayar da turare cewa in an sauko daga Arfa bana zai tashi daga tebur, ya ba da dutsen ga wanda ya dace.

Wanda ya dace! Mukhtaru ya ji maganar nan kamar an zuba masa garwashi a riga. Dutsen ubansa, wanda ya yi wasa da shi tun bai san kuɗi ba, a ce sai an tsaya tunanin wanda ya dace? Ya daina cin abincin kirki. In Lurwanu ya yi dariya sai ya ga da shi yake. In ya ga Ruƙayyatu ta aiko da ƙosai sai ya ce a ransa toshiya ce. Hassada ta shiga shi sosai, kuma ya san ita ce, bai ma yi wa kansa ƙarya ba.

Can cikin unguwar Jarwal akwai wani maƙerin azurfa, Yunus, mai yi wa mata sarƙa da mundaye. Yakan zuba kwaikwayon dala don ado, a sa mata kunne a rataya. Mukhtaru ya same shi bayan azahar yana hura wuta, ya ajiye masa dala biyu a kan uwar maƙera.

Ya ce, “Ka ɗauki fuskar wannan, ka ɗauki bayan wannan, ka haɗa mini guda ɗaya. Ka sa jan ƙarfe da yawa, amma ka bar azurfa daidai yadda za ta yi kuka. Nauyi kada ya kuskure. Gefen ma ka gyara shi.”

Yunus ya ɗaga kai ya dube shi. “Ɗan Malam Isa da kansa? Lafiya?”

“Gwaji zan yi. Koyarwa ce.”

“Koyarwa,” in ji Yunus, yana jujjuya kuɗin. “Ɗayyib, shi ke nan. Ni dai ba ka zo nan ba, ban gan ka ba.”

Dabarar a fili take. Fuska ta tsohon bugun Nimsa, baya na sabon bugun Bambai, abin da ba a taɓa bugawa tare ba a duniya. Kunne ba ya jin wannan, yatsa ba ya jin wannan, sai ido. Lurwanu zai jefa, ya ji kuka mai daɗi, ya ce lafiyayye. Sannan Mukhtaru ya miƙa hannu a hankali, a gaban uba da maƙwabta, ya ce a dakata. Har kalmomin da zai faɗa ya tsara, ya yi ta bitarsu a hanya kamar mai hadda. Da Yunus ya gama aikin, Mukhtaru ya jefa ta a dakalin maƙera, ta yi wani kuka siriri mai tsawo, shi kansa sai da ya kusa yarda da ita.

Watan Zulƙida ya shigo, alhazai suka cika gari, kasuwa ba masaka tsinke. Da hantsi wani dattijo ya tsaya a gaban tebur, baƙi siriri, da ɗamara a ƙugu. Ya ce sunansa Mahmudu, mutumin Damagaram, ya yi shekaru a hanya, ya yi noman auduga a Sudan har ya tara guzuri. Ya kwance ɗamarar ya miƙa. Mukhtaru ya ga dama ta samu, don kuɗin mutumin nan daga ko'ina aka tattaro su, ba mai cewa ga inda kowace ta fito. Ya farke ɗinkin, ya zube su a tebur, cikin zubewar ya zare ɗaya ya saki tasa ta jabu. Ko ƙuda bai gani ba.

Lurwanu ya gyara zama, ya miƙa hannu zai ɗauki ta farko, sai Mahmudu ya ce, “A'a, ɗana, dakata. Wane ne Malam Isa a cikinku?”

Tsoho ya ce daga baya, “Ga ni.”

“Alhamdu lillahi. Tun daga Madani ake ba ni sunanka. A Sawakin ma da za mu hau jirgin ruwa, mai masaukinmu ya ce in na iso kada in yarda kowa ya taɓa mini azurfa sai hannun Malam Isa Bakatsine. Na ɗauko sunan nan tun daga can, ba zan zo kuma in ba yara ba.”

Haka mutanenmu ke yi a hanyar nan, sunan amintacce shi ma guzuri ne, ana miƙa shi daga zango zuwa zango. Wane tsoho ne zai ji wannan bai motsa ba? Fuskar Malam Isa ta yi haske. Ya sa carbi a aljihu ya ce, “Matsa mini, Lurwanu.” Ya lallaba ya zauna a gaban dutsensa. Mai turare ya leƙo, mai sayar da tasbaha ya matso, don an kwana biyu ba a ga tsoho ya yi aiki da hannunsa ba.

Mukhtaru ya duba tarin, ga jabun can a gefe tana ƙyalli, amma idanu sun yi yawa, hannun Mahmudu kuma yana kewaye da kuɗinsa kamar kaza da ƙwai.

Tsoho ya fara. Ya ɗauka, ya shafa maɓallin kafaɗa da babban yatsa, ya jefa a dutse, ya karkata kai, ya tura dama. Ya ɗauka, ya shafa, ya jefa. Wallahi abin sha'awa, hannun bai manta komai ba. Mutane suna ta “Masha Allah.” Tarin yana raguwa, Mukhtaru yana roƙon Allah a zuci ya sa kunnen uban ya kama. Shi da ya biya kuɗi don kada kunne ya kama!

Yatsun tsoho suka sauka a kanta. Ya shafa, ya jefa. Ta yi kukan nan nata siriri. Ya yi murmushi ya ce, “Kai, wannan tsohuwar Nimsa ce, irin ta da. Alhaji, ka yi sa'a.” Ya tura ta dama.

Ga kalmomin Mukhtaru a bakinsa, a shirye, waɗanda ya yi ta bita. Amma wa zai faɗa wa? Ya buɗe baki ya tona wa ubansa asiri a gaban kasuwa, da tarkon da shi ya ɗana? Ya ce a ransa bari ta wuce, in an tashi ya zare ta daga akwati, ba wanda zai sani. Ya kawar da kai yana kallon masu wucewa.

Sai ya ji motsi. Lurwanu ne ya sauko daga benci ya durƙusa a gefen tsoho, ya rage murya, amma wurin ya yi tsit har kowa ya ji.

“Baba, a gafarce ni. A ɗan sake duba wannan.”

Murmushin tsoho ya ɗauke. Ya laluba ya ɗauko ta, ya sake jefawa, ya saurara har kukan ya mutu. “Me ta yi?”

“Kukan ni ma ya ruɗe ni, Baba, da ni ne da na wuce da ita. Amma da kuka jefa ta kife, na ga bayanta. Fuskar ta tsohon bugu ce, jelar mikiyar kuwa gashi biyu ne a tsakiya, irin na Bambai. Ba sa haɗuwa.”

“Kai da kunne na san ka. Wa ya koya maka jela?”

“Yaya Mukhtaru mana. Kullum in yana yi muku bayani ina saurare. Duk abin da na sani na ido, a bakinsa na tsinta.”

Ya faɗi haka yana waiwayen Mukhtaru da fara'a, wai shi ya yi masa gwaninta. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da Mukhtaru ya shige, ya ja Lurwanu tare da shi.

Tsoho ya ce a ba shi magagari. Ya goga gefen dalar da kansa, ya ɗaga ta sama kamar mai gani, sannan ya ce, “Wane launi?”

Lurwanu ya ce, “Ja, Baba.”

Mahmudu ya hau salati, yana rantsuwa bai sani ba. Tsoho ya ɗaga masa hannu. “Ba laifinka, Alhaji. Na riga na karɓa, ta zama tawa, za a ba ka canjinta cif.” Sannan ya juya fuskarsa wajen da ya san ɗansa yake zaune. “Kai fa? Kai ka zube su. Ba ka gani ba?”

Mukhtaru ya duba hagu ya duba dama. In ya ce ya gani, sai a ce don me ya yi shiru, daga nan kuma tambaya ta haifi tambaya har a isa Jarwal. In ya ce bai gani ba, ya zubar da abu ɗaya tak da yake taƙama da shi a duniya, a gaban mai turare da mai tasbaha da baƙo.

Ya ce, “Ban gani ba, Baba.”

Malam Isa ya gyaɗa kai. Ya sa aka kawo guduma da ƙusa, aka kafe jabun a gefen tebur cikin 'yan'uwanta, kamar yadda ake yi wa duk wadda aka kama. Ya shafa dutsen da tafinsa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya dafa tebur ya miƙe.

“Ba sai an sauko daga Arfa ba,” in ji shi. “Hannun da jabu ya wuce ta cikinsa ya gama aiki. Lurwanu, zauna ka ƙarasa wa Alhaji. Daga yau wurinka ne.” Lurwanu ya fara a'a, Baba, ga Yaya, tsoho ya daka masa tsawa ya ce ya zauna, sannan ya juya wajen Mukhtaru. “Kai kuma kama hannuna ka kai ni gida.”

Suka bi lungu suka bar hayaniyar kasuwa, rana ta take, masu ɗaukar ruwa suna wuce su da garewani a kafaɗa. Dalar Mahmudu ta gaskiya tana aljihun Mukhtaru, tana bugun cinyarsa duk taku. Daga bayansu yana jiyo kukan azurfa a kan dutse, ɗaya bayan ɗaya, har ya dushe. Da suka fara hawan tudun unguwarsu, tsoho ya tsaya yana haki, ya ƙara damƙe hannun ɗan.

“Ƙarya ka yi mini ɗazu,” in ji shi.

Mukhtaru ya dafe aljihunsa.

“Ka gani. Ni na san idonka, tun kana ƙarami ba abin da ke wuce shi, duk kasuwar nan babu na biyunka. Ka gani ka yi shiru don kada ka kunyata ni, da na tambaye ka kuma ka ɗauki rabin kunyar ka ɗora wa kanka. Na ji daɗin wannan, wallahi na ji daɗi har cikin raina. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu rufa maka asiri kamar yadda ka so ka rufa mini.” Ya goge ido da bakin rawani. “Kai na yi niyyar ba dutsen nan, tun da daɗewa. Amma yau na ga zuciyarka ta yi taushi da yawa. Wanda zai zauna a wurin nan dole ya iya cewa jabu ce ko da ubansa ne ya karɓa, kai kuwa ba za ka iya ba. Kada ka riƙe ni a rai.”

Ya tsaya yana jiran amin ɗin addu'arsa.

Tsoho ya ce, “Ba ka ce amin ba.”

“Amin, Baba,” in ji Mukhtaru, suka ci gaba da hawa.